Wa'adin Igiya

Litinin, da hantsi. Saura kwana uku.

Na buɗe littafin nan ne don in duba kwanaki, sai kuma hannuna ya ƙi ajiye biro. Ga shi a shafin farko da rubutuna: na kama shi a Bokultola, a ramin da ke gindin tsohuwar bishiya, bakin kogin Padma. Na yi masa maganar da kowane Bede, mu masu zama cikin jiragen ruwa, yake yi wa kumurci ran da ya kama shi: "Na ɗauke ka daga gidanka. Wata shida za ka ci da ni, in ci da kai. Ran da suka cika zan mayar da kai inda na ɗauko ka. Ƙasa shaida, ruwa shaida." Na barbaɗa ƙasar ramin sau uku a kan akwatin. Ran Alhamis wata shidan za su cika.

Babana ƙulli yake yi a jikin zare in yana lissafin wa'adi. Ni na yi aji uku a makaranta, shi ya sa nake rubutawa. Jiragen ruwa goma sha ɗaya ne a ayarinmu, ni kaɗai na iya karatu, don haka littafin a fili yake kwana, kusa da gwangwanin gishiri.

Mata sun fita tun da safe. Matata Jorina ta ɗauki ƙahonta da saiwoyin magani da akwatin. Ni kuwa aikina na kullum: na wanke tukunya, na ɗaure 'yarmu Tuni da zare a ƙugu don kada ta faɗa ruwa, na daka wa surukata Inna Alekjan ganyen pan da take taunawa kamar goro, tunda haƙora sun ƙare mata, idanu ma sun bi su. Bokultola tafiyar kwana biyu ce daga nan. Gobe ya kamata in tashi, kuma har yanzu ban yi wa Jorina maganar ba.

Litinin, bayan magariba.

Na yi mata. Na bari ta ci shinkafa tukuna, na ƙara mata kan kifi.

"Maman Tuni, ran Alhamis fa wa'adin igiyar nan yake cika."

"Wace igiya?" ta ce, alhali ta sani sarai. Tun abin da ya sami yayana Lalcan ban ƙara furta sunan irinsu da bakina ba, igiya nake cewa, ita kuma ba ta gajiya da tsokanata. "Au, Maigida kake nufi? Kira shi da sunansa mana. Igiya, igiya, sai ka ce wanki za ka shanya a kansa."

Maigida take ce masa, wai shi yake ci da jirgin nan. Ba ƙarya ta yi ba. Ƙaho ba ya tara mutane yanzu, kowa ya koma ƙwayar magani. Amma in ta buɗe akwati ya fasa kai, ta dunƙule hannu tana juyawa a gabansa tana waƙa, har ya kai mata sara a bayan hannu ta yi dariya, nan ne ƙauye yake zubo shinkafa da taka, kuɗin ƙasar nan.

"Bikin Shimulgat saura sati uku," ta ce. "Bikin macizai fa, Baban Tuni, shekara guda ana jiransa. In je da me? Da tsutsotsin Fuljan?"

Fuljan yayarta ce, jirginsu na jikin namu. Nata na ruwa ne marasa dafi, ko yara ba sa ja musu da baya.

"Na yi masa alkawari."

"Wanda ya yi wata shida zai ƙara 'yan kwanaki. Bai yi aji uku ba, bai san kwanan wata ba. Kai kaɗai ka sani, kai da littafinka."

Laraba, da azahar. Saura kwana ɗaya.

Ban tafi ba. Jiya ta fita da akwatin kafin in gama alwala, yau ma haka.

Inna tana zaune a bakin rumfa tana tauna, ta ce, "Kai, mijin 'yata, ka san tsoro yana da wari? Tun shekaranjiya nake jinsa a jirgin nan, na ɗauka kifi ne ya ruɓe."

Na ce mata gobe ne.

Ta daina taunar. Can ta ce, "Ka faɗa mata?" Na ce na faɗa. Ta ce, "To, ni na haife ta, ban taɓa faɗa mata abu ta ji ba."

Alhamis, da sassafe. Yau ne.

Na tsuguna gaban akwatin kafin ta tashi na ba shi haƙuri, na ce ba mantawa na yi ba. Ya yi huci sau ɗaya ya yi shiru.

Daga yau ba namu ba ne. Wanda wa'adinsa ya cika ba a sa masa ƙarfe a baki, ba a karya masa haƙori, haka muka tarar. Ba kuma a sakinsa ko'ina, in ka sake shi inda ba nan ka ce ba jirginka zai biyo. Kwana ashirin ke nan da na cire masa fiƙa, fiƙa kuwa sake tsirowa take yi kamar farce. Kowa a ayarin nan ya san haka, har ita.

Alhamis, faɗuwar rana.

Ta dawo.

Asabar, da la'asar. Kwana biyu da wucewa.

Dokarmu ce kowace mace ta kasance cikin jirginta kafin rana ta faɗi, in ba haka ba Sardar, shugaban ayari, ya ci ta tara. Da nakan ce dokar ta yi tsauri. Yanzu tun la'asar nake zama a goshin jirgi ina ƙirga su suna gangarowa. Su goma sha huɗu ne. Tata tafiyar ba ta ɓuya, tana wurga hannun hagu kamar mai korar kaji. Hannayen nake fara dubawa.

Lalcan ma kwana tara kawai ya ƙara wa nasa. Da ya ga haƙoran sun fito sai ya ɗauki awartaki, ya ce ai ba wanda zai sani. Ni na riƙe masa wutsiya. Ba zan rubuta sauran ba. Abin da nake iya tunawa shi ne kututturan ayaba bakwai da muka ɗaure, da gidan sauron da aka kafa a kai, da takardar da aka ce in rubuta tunda ni ne mai karatu. Mu ba ma binne wanda aka sara, don ba a tabbatar ya gama tafiya ba. Ruwa ake ba wa, ko Allah zai kai shi hannun wani mai ilimin da ya fi namu ya tashe shi, takardar kuma ta faɗa masa inda zai mayar da shi. Shekara huɗu ke nan.

Litinin, da hantsi. Kwana huɗu.

Jiya da yamma mun yi ta.

Na ce, "Sake shi, Maman Tuni. Bar ni in kai shi."

"In so kake a sake shi, to ni ma ka sake ni."

"Subhanallahi, wace irin magana ce wannan?"

"Maganar bishiya ce. Ka manta?"

Ban manta ba. Ran aurenmu na hau ƙolin bishiyar mangwaro kamar yadda kowane angonmu yake yi, na ce faɗowa zan yi in ba ta yi mini alkawari ba. Ita kuma ta tsaya a ƙasa gaban ayari duka ta rantse za ta ci da ni da 'ya'yana har ƙarshen ranta. Wasu amaren da dariya suke faɗa. Ita ba ta yi dariya ba, ni ne ma na kusa faɗowar gaske don reshen ya ruɓe.

"Kai ka rantse wa mai jan ciki, ni na rantse wa mutum," ta ce. "Damina ce, ƙauyuka sun nutse. Jiya gida goma sha biyu na shiga da ƙaho, shinkafa tafi biyu na samu. Sai da na buɗe akwati buhu ya yi nauyi. Faɗa mini wace rantsuwar za a karya, taka ko tawa?"

Na ce zan yi su, in kama kifi in sayar.

"Da wace koma? Kai da ko ƙugiya ka jefa sai ka ba wa kifin haƙuri."

Ta dai yarda da abu ɗaya: ba za ta ƙara ba shi bayan hannu ba. Daga nesa za ta riƙa wasan, ta san iya inda kansa yake kaiwa. Na ce ta rantse. Ta ce rantsuwa ta yi yawa a jirgin nan.

Laraba, faɗuwar rana. Kwana shida.

Sha huɗu sun fita, sha huɗu sun dawo. Na ƙona shinkafa.

Juma'a, da hantsi. Kwana takwas.

Ran Juma'a ba sa fita. Na buɗe akwatin in ba shi kwaɗo. Wata shida da hannu nake tura masa abinci, yau da kansa ya cafke. Da ya gama haɗiya sai ya yi hamma yana gyara muƙamuƙi, hasken rana ya shiga bakin. Na gan su. Biyu ne, farare, kamar ƙayar kifi.

Na rufe akwatin na zauna a kai. Tuni ta rarrafo tana buga jikin katakon tana cewa "Gida, Gida," haka take kiransa. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi ba, ta fashe da kuka, Inna ta zage ni tas. Na gajarta zaren ƙugunta.

Na faɗa wa Jorina. Ta leƙa da kanta, ta daɗe tana kallo. Ta ce ƙanana ne.

Lahadi, da hantsi. Kwana goma.

Yau kafin ta fita ta zaro awartaki daga ƙarƙashin tabarma ta ajiye a gabana.

"Cire masa. Ni zan riƙe wutsiya. Inna ba ta gani, Tuni ba ta magana."

"Ina ji dai," in ji Inna daga cikin rumfa.

"To toshe kunnenki, tsohuwa."

Na ɗauki awartakin, wallahi na ɗauka. Na danne kansa da sanda, na kama wuyan kamar yadda na kama ɗaruruwa, sai ya juyo da ido ɗaya ya dube ni. Na tsaya da awartakin a hannu. Ba na ganin komai sai babban yatsan Lalcan, inda nasa ya sare shi. Na mayar da shi na rufe.

Ba ta tsokane ni ba, wannan ne ya fi ba ni tsoro. Ta karɓi awartakin ta goge da bakin zaninta, ta dafa kaina kamar na Tuni, ta ce, "Bari, Baban Tuni. Bari kawai." Ta ɗora akwatin a ka ta tafi.

Da na cire, wataƙila da hankalina ya kwanta. Da na cire, wataƙila da yanzu ana saran ayaba. Ban san wanne ba ne, kuma ina jin kunyar kaina.

Talata, da azahar. Kwana sha biyu.

Mun iso Shimulgat, mun ɗaure jirage ƙasa da kasuwa. Na je wurin Sardar Gonjer Ali na faɗa masa komai, ina sa ran ya hana ta, don shi kaɗai take shakka.

Ya ce, "Sobhan, kwana nawa ka ce?" Na ce sha biyu. Ya ce, "Wa ya ƙirga?" Na ce ni. Ya ce, "To ni ban ƙirga ba. Babu kamarsa a ayarin nan, in ya fasa kai ran Litinin duk jiragen nan za su ci albarkacinsa. Ka zo mini da maganar ran Talata mai zuwa, in yi fushi yadda ya kamata."

Laraba, bayan magariba. Kwana sha uku.

Sha uku suka gangaro. Rana ta taɓa ruwa, ta shiga rabi. Na haura gaɓa ba takalmi, ban ma san na bar Tuni tana kuka ba. Sai ga ta can tana wurga hannu, wai gada ce ruwa ya cinye ta zagaya. Na kama hannayenta biyu ina jujjuyawa a gaban mutane. Fuljan ta ce, "Kai, ku zo ku ga ango." Aka yi ta dariya. Akwai ƙwarzane a bayan hannun dama. Ta ce ƙaya ce. Wataƙila ƙaya ce.

Daga baya Fuljan ta matso kusa ta ce mini a hankali, "Ka san abin da 'yan garin nan suke tambaya? Wai ina mai ba wa kumurci hannu. Labarinta ya riga ta zuwa. Ran biki ba za su yarda da wasan nesa ba."

Juma'a, da la'asar. Kwana sha biyar.

Na yanke shawara. Jirgin inji yana tashi gobe da asuba, kuma ba zan ce mata komai ba. In na dawo ta yi duk abin da za ta yi, ko ta jefa ni ruwa ko ta mayar da ni kan bishiya. Mijin Fuljan zai duba Tuni.

Na wanke rigata ta shiga gari na shanya a bayan rumfa. Jorina ta tsaya tana kallonta. "Wa ya mutu, ko wa ke aure?" Na ce fumfuna ce ta kama ta. Ta ce, "Allah sarki, fumfuna."

Yau ta wuni tana wasa da Tuni, ta shafa wa Inna mai a kai, ta soya mana kifi da kanta, abin da ba ta yi sai da salla. Na nemi guntuwar igiyar da muke ƙara wa jirgi in ruwa ya yi ƙarfi ban gan ta ba, ta ce Fuljan ce ta ara.

Asabar, da hantsi, cikin jirgin inji. Kwana sha shida.

Na fito da shi. Jorina tana kwance ta juya baya, ko motsi ba ta yi ba. Na naɗe akwatin da zani don kada fasinjoji su gane, ga shi a kan cinyata.

Ba a buɗe akwati a hanyar mayarwa, in ya ga hanya zai san ta dawowa. Sai dai ka yi ta yi masa magana don ya san ba sayar da shi za ka yi ba. Tun da muka taso nake ba shi haƙuri ƙasa-ƙasa, har matar da ke kusa da ni ta matsa. Ko huci bai yi ba. Babana yakan ce in sun ji an nufi gida lamo suke yi. Tun ran Alhamis ɗin nan numfashina bai sauka har ciki ba sai yau.

Lahadi, da magariba. Kwana sha bakwai.

Jirgi ya sauke mu nesa, wai matsayar da na sani ta tafi. Na wuni ina tafiya cikin taɓo, zan kwana a rumfar wani masallaci. Gobe biki a Shimulgat. Kamar ina ganinta yanzu tana zagina, tana aron tsutsotsin Fuljan. Ta zage ni shekara guda, na yarda.

Litinin, da hantsi. Kwana sha takwas.

Babu Bokultola.

Na tsaya inda hanya ta yanke, jan ruwa ne iya ganina. Wani tsoho mai fito ya ce tun farkon damina kogin ya cinye garin, da masallacinsa da makabartarsa. Na tambaye shi tsohuwar bishiya, ya nuna can tsakiyar ruwa da filafili. Na ce ya kai ni daidai wurin. Ya dube ni, ya dubi ƙunshin, ya ce, "Bede ne kai?" Na ce e. Ya ce, "To zauna can ƙarshe."

Ya tuƙa har inda ya ce nan ne, in bai yi kuskure ba. Na ce a raina ai ruwa ma shaida ne, kuma sun iya iyo. Na kwance zanin, na juya bakin akwatin waje, na ce, "Ga inda na ɗauko ka. Na makara kwana sha takwas, laifina ne, ba na matata ba. Ka yafe." Na ja murfin.

Bai fito ba. Na jira, na girgiza akwatin, sannan na leƙa.

Igiya ce. Igiyar jirginmu, jiƙaƙƙiya, an naɗe ta da kyau, an ɗaga bakinta a tsakiya kamar kai. Har kwalli aka ɗiga mata guda biyu a wurin idanu.

Mai fito ya yi dariya har ya kusa sakin filafili. Ni ma na ji bakina yana wani abu mai kama da dariya, don aikin Jorina ne sak, har muryarta nake ji. Sai na ɗaga kai na ga inda rana take. Da azahar ake buɗe akwatuna a Shimulgat.

Litinin, faɗuwar rana.

Babu jirgi sai gobe da safe. Rana tana faɗuwa a nan ma, babu wanda zan ƙirga.

Talata, da azahar, cikin jirgi.

Ta san iya inda kansa yake kaiwa. Shekara goma sha biyu tana aikin nan. Ta sani. Ta san iya inda yake kaiwa.

Laraba.

Tun daga cikin jirgin inji na hango babu macen da ta fita aiki. Duk suna zaune a gaɓa.

Fuljan ce ta tare ni. "A akwatina ta ɓoye shi. Ta yi wasan nesa, Sobhan, wallahi ta yi. Sau uku tana rufe akwati. Suka ce ba wannan suka zo gani ba, wani ya ce ashe ƙarya ce, a kore su ba ko ƙwayar shinkafa. Sai ta dube ni ta ce, Yaya, riƙe mini awarwarona." Ta miƙo mini su, shida ne, ja. "Ta ba shi hannu. Sau ɗaya ya sare ta. Da ya gama bai yi sauri ba, ya bi ta tsakanin ƙafafun mutane ya gangara ruwa, ba wanda ya iya ɗaga sanda."

Na tambaya ko an yi maganar asibiti. Ta ce tafiyar wuni ce, kuma wa zai ƙara sayen saiwarmu in aka ga mun kai namu can. Sardar ya yi kwana biyu yana ɗauri yana tofi har muryarsa ta dushe. Bai dube ni ba. Talata ta wuce, bai yi fushin ba.

Na ce ko ta faɗi wani abu. Fuljan ta ce a hanya ta yi ta tambaya ko jirgin inji ya dawo. Ta kuma ce a gaya mini shinkafar da aka zuba a bikin za ta kai mu bayan damina, kada in ƙona ta.

Tana kwance cikin rumfa, babu numfashi. Hannun yana ƙarƙashin zani, ban ɗaga ba.

Alhamis, da safe.

Kututturan ayaba bakwai aka sara, kamar na Lalcan. Mijin Fuljan ya kafa gidan sauro. Sardar ya aiko a ce mini in rubuta takarda.

A ta Lalcan sunan Sardar na rubuta da na ayari, na ce a tambaya a bakin kogi. Shekara huɗu ina tunanin ko wani ya tashe shi ya rasa inda zai same mu, tunda ba ma zama wuri ɗaya. Na yage shafin tsakiya na littafin nan na rubuta:

"Sunanta Jorina, 'yar Alekjan, uwar Tuni. Wanda Allah ya ba ikon tashinta ya dawo da ita Shimulgat, ƙasa da kasuwa. Akwai jirgi ɗaure a wurin. Ba zai gusa ba."

Na sa a kwalba na toshe, na ɗaura mata a hannun hagu.

Juma'a, da la'asar. Kwana ɗaya.

Ayari ya tashi da safe, jirage goma. Sardar ya ce Bede ba ya zama shi kaɗai a gaɓar mutane, korarmu za su yi. Fuljan ta roƙi in ba ta Tuni, na ce a'a. Na ce wa Inna ta bi babbar 'yarta. Ta ce, "In ta dawo ta tarar da kai kaɗai, wa zai faɗa mata ka ƙona shinkafa?"

Na ƙara wa jirgi igiyar nan, na ɗaure ta a turke. Ɗigon kwallin yana nan bai goge ba.

Inna ta ce, "Har yaushe, mijin 'yata?"

Na ce wata shida.

"Ka faɗa wa ruwa?"

Na sauka na tsuguna a bakin gaɓa na faɗa. Ƙasa shaida, ruwa shaida.

"To rubuta," ta ce, "kai da kwana ba ya ɓace maka."

Na rubuta. Yanzu zan koma goshin jirgi, rana ta kusa taɓa ruwa.